Masu maganin gara da suka yi mana aiki a Badarawa

Idan gara ta shiga gidanka a Kaduna, kafin ka ce kwabo an tara maka lambobin masu feshi. Mafi yawansu mutum ɗaya ne da babur da injin feshi na goyo. Zai zo ya bi bango da silin, gida ya ɗauki wari, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, bayan wata biyu gara ta ɓullo ta wata kusurwar. Waɗanda zan yi magana a kansu ƙaramin kamfani ne mai ofis a cikin gari, kuma aikinsu ya sha bamban da wannan. Sun yi mana aiki a gidan gadonmu da ke Badarawa a ƙarshen ranin bara, damina guda ta wuce a kan aikin, yanzu ina da abin faɗa. Ba zan kira sunansu ba, don ba talla nake musu ba, kuma akwai wuraren da zan soke su. Mai neman irin aikin zai iya auna duk wanda ya zo masa da abin da zan bayyana.

Gidanmu sassa biyu ne. Akwai tsohon sashe da marigayi mahaifinmu ya gina, ginin ƙasa mai rufin azara, daga baya aka yi masa shafen siminti aka ɗora kwano. Akwai kuma sabon sashe na bulo, ɗakuna uku da falo, da tayil da silin da wadirof na cikin bango, inda Hajiyarmu take zaune da jikokinta. A sabon sashen ɓarnar ta auku. Firam ɗin ƙofar banɗaki fentinsa lafiya lau, amma ka danna da yatsa sai ya loɓa, ciki duk ƙasa ce. Bayan wadirof ya zama garin katako. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kwalayen littattafan Malam, wato mahaifinmu, da aka jingine da bango a ɗakin ajiya, na fiƙihu da tafsiri da wasu takardun ajami da ya rubuta da hannunsa. Kwalin ƙasa gara ta gama da shi, shafukan sun manne da laka. Ƙofa ana saya a kasuwa, rubutun hannun uba kuwa babu inda za a samo shi.

Ranar farko ba su zo da magani ba ko kwalba ɗaya, kuma wannan ne ya fara sa na natsu da su. Shugaban aikin, wanda yaransa ke kira Injiniya ko da yake aikin duba-gari ya karanta, tocila ya riƙo da sukudireba da abin awo, wani yaro na biye da shi da tsani. Ya shiga cikin silin ya daɗe. Ya bi kowane katako yana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba yana sauraro, inda ya ji amo irin na abin da ba komai a ciki sai ya sa alli. Da aka janye wadirof ya kira ni ya nuna mini wata hanya ta jar ƙasa, kaurinta bai fi fensir ba, ta fito daga tsagar da ke tsakanin tayil da bango ta miƙe sama har ta shige silin. Ya fasa tsakiyarta da farce. Nan take farare-fararen suka watso, a cikinsu akwai masu manyan kawuna ja-ja da suka tsaya a bakin ɓarakar suna buɗe baki.

Ya ce, "Alhaji, waɗannan ma'aikata ne da sojoji. Ko mun kashe duk na gidan nan yau, uwar tana can ƙarƙashin ƙasa tana saka ƙwai dubbai a kowace rana, kuma tana shekaru a raye. Wanda ya fesa maka bango, 'yan aike ya kashe."

Ya bayyana mini cewa jikin gara ba ya jure bushewar iska da hasken rana, shi ya sa take gina wannan hanya ta laka, ta riƙa hawa tana sauka tsakanin abincinta da damshin ƙasa. Ke nan duk inda ta yi ƙarfi a gida, akwai ruwan da ke ciyar da ita. Sai ya bar katako ya koma farautar ruwa, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina tun kafin in biya. Ya gano bututun da ke tsiyaya a cikin bangon banɗaki, wanda mu dai muna ganin fenti na ɓarewa a wurin muna cewa laifin mai fenti ne. Ya nuna inda ake alwala a tsakar gida, ruwan yana gangarawa ya kwanta a gindin bango maimakon ya bi kwata. Tankin sama idan ya cika yana zuba a wuri ɗaya shekara da shekaru. Itacen girki an jibge shi jikin katangar kicin. Sannan ya tambayi Hajiya ko akwai bishiya a wurin kafin a yi ginin. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana, mangwaro ne babba, daidai inda ɗakin ajiyar nan yake." An sare shi, kututturen da saiwoyin aka binne aka zuba siminti a kai.

Ya ce ba zai fara aiki ba sai mai gyaran famfo ya gyara bututun, an karkatar da ruwan alwala, an ɗauke itacen daga jikin bango. Ƙanena ya ji haushi, yana ganin jan rai ne. Ni kuwa na ga mutumin da ke iya karɓar kuɗi a ranar amma ya ce a dakata, ya san abin da yake yi. Magani a ƙasar da ruwa ke wankewa kullum ba ya zama.

Tsohon sashe kuwa, da ya shiga ya ɗaga kai ya dubi azarar, ya soka mata sukudireba ta ƙi shiga. Ginin da ya girme ni, amma babu ko tabo. Magabatanmu da suka zaɓi giginya don rufi sun san abin da suke yi, gara ba ta samun yadda take so da ita, kamar yadda ƙirya da maɗaci da loko suke ba ta wahala. A sabon sashe kuwa farin katako mai laushi aka sa, irin obeche, wanda ya fi araha a kasuwar katako kuma gara ta fi so. An shafa masa baƙin mai, ya yi baƙi ƙirin, mai gida ya gani ya ɗauka an yi magani. Injiniya ya yanko guntu ya nuna mini: baƙin bai wuce fatar sama ba, ciki fari sol. Kuma duk inda kafinta ya yanka da zarto bayan shafawar, bakin a buɗe yake. Ta nan garar ta shiga kusan kowane katakon da ta ci. Wannan abu ya kamata masu gini su sani, don har gobe da baƙin mai ake rufa wa mutane ido.

Da ranar aiki ta zo, a gabana aka buɗe maganin, da hatiminsa bai taɓu ba. Ya nuna mini lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya ce in ɗauki hoto da waya. Sinadarin fipronil ne. Bambancinsa da na masu babur, kamar yadda ya yi mini bayani kuma na gani daga baya, shi ne gara ba ta jin warinsa balle ta kauce. Tana ratsa ƙasar da aka jiƙa da shi, ya manne mata, ba ta mutu nan take ba, sai ta koma gida. Da yake suna lasar juna suna ciyar da juna baki da baki, sai ya bazu a tsakaninsu. Su Sniper da ota-fiya-fiya kuwa dichlorvos ne, yana kashe abin da ya taɓa ya bi iska, warin ne kawai ke sa mutum ya ji an yi aiki. Ga haɗari: tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kantuna da kasuwanni saboda rayukan da ya ci, amma har yau akwai masu fesa shi a ɗakin da yara ke kwana.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya leƙo ya ce shi a zamaninsu Gamalin ake zubawa ko aldrin, sau ɗaya an gama har abada. Injiniya ya amsa masa cikin ladabi, ya ce, "Gaskiya ne Baba, suna daɗewa. Daɗewar ce ta sa aka hana su, don ba sa ruɓewa a ƙasa, suna shiga ruwa da abinci su taru a jikin mutum." Haka ne kuwa. Aldrin da dieldrin da chlordane suna cikin magungunan farko da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta 2001 ta haramta, lindane, wanda shi ne sinadarin Gamalin 20, aka ƙara shi a 2009. Duk wanda ya zo maka da jarka marar suna ya ce tsohon magani ne na asali mai ƙarfi, ka sallame shi tun daga ƙofar gida.

Aikin kansa na ƙasa ne. A waje, inda babu siminti, sun haƙa 'yar kwata a gindin bango zagaye da ginin, faɗi da zurfi kamar santimita 15, suka riƙa kwarara magani suna mayar da ƙasar suna sake jiƙa ta. Inda aka yi daɓen siminti, da cikin ɗakuna, sun huda da injin huda, rami bayan rami, tazarar kamar santimita 30, suna bin layin da ke tsakanin tayil. Sannan aka zura dogon bututun ƙarfe a kowane rami, injin ya tura magani har sai ƙasar ƙarƙashin daɓen ta sha. Kewayen bututun banɗaki da wurin kututturen mangwaro sun fi samun ramuka.

A nan ina so mai karatu ya lura da abu ɗaya, yawan ruwa. Lissafinsu kamar lita 5 ne na haɗin magani a kowace mita ɗaya ta tsawon bango. Ka auna zagayen gidanka, ka haɗa da bangayen ciki, za ka ga maganar ɗaruruwan lita ake yi. Mu sai da muka kira 'yan ga-ruwa suka cika durom-durom. Injin goyo lita 16 ko 20 yake ci. Wanda ya zo da shi ya cika sau biyu ya ce ya yi wa gida mai ɗaki huɗu maganin gara, ko da maganin na gaske ne, bai kai inda garar take ba. Ba sai ka san sunan sinadari ba, ka tsaya ka ƙirga durom.

Yadda suka yi da rijiyarmu ya ƙara musu daraja a idona. Tana tsakar gida, ba ta da nisa da bangon kicin. Injiniya ya ce ba zai tura magani da injin a wannan gefen ba ko nawa za a ba shi. Sai suka kwashe ƙasar gindin bangon suka zuba a kan tamfol can nesa, suka jiƙa ta da magani suna juyawa da shebur, suka bar ta ta tsane, sannan suka dawo da ita mazauninta. Ya ci lokaci, amma ruwan da muke sha ya tsira. Ya kuma sa an kwashe kaji da awakin Hajiya zuwa maƙwabta, an rufe randuna da kayan abinci, yara sun wuni a gidan ƙanwata a Unguwar Dosa. Ya tambaya ko akwai mai kiwon kifi kusa, don fipronil yana kashe kifi da ƙudan zuma. Ya ce shi ya sa ba ya yin irin wannan aiki idan hadari ya haɗo, ruwan sama zai kwashe shi ya kai kwata, daga nan sai rafi.

Littattafan Malam ya hana a fesa musu komai. Aka fito da su rana, aka kakkaɓe da burushi mai laushi shafi-shafi, waɗanda suka tsira aka sa su a kabad ta ƙarfe mai ƙafafu, an janye ta daga bango yadda tsintsiya za ta shiga baya. Katakon rufin da ya lalace kafintanmu na Panteka ne ya canza, su kuma suka shafa Solignum, maganin kare katako, a sabon katakon da tsohon, hannu biyu, suna bin kowane bakin yanka. Firam ɗin banɗaki muka mayar na ƙarfe.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne a wurina.

Na farko ya shafi yaran aikin. Injiniya da mai riƙe injin suna da takunkumi da safar hannu da takalmin roba. Amma samari biyun da aka ɗauko don haƙa, da silifa suka zo, kuma na ga ɗaya yana mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu tsirara. Na ce masa, "Kai yaro, ina safarka?" Ya ce, "Baba, ba a ba mu ba." Na tsayar da aikin sai da aka je aka sayo. Mutumin da ya damu da rijiyata da kajin Hajiya bai kamata ya manta da ɗan mutanen da ya ɗauko aikin yini ba. Na faɗa masa a fuskarsa, ya karɓi laifin, amma ba na jin cewa da ban yi magana ba za a sayo.

Na biyu lokaci. An ce ƙarfe takwas, muka fitar da tsohuwa mai ciwon ƙafa daga ɗakinta tun da sassafe, ba su iso ba sai wajen azahar, babu ko kiran waya. Aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya kwana. Sannan sun fasa tayil a falo, ramukan kuma an toshe su da siminti marar launi, har yanzu ana ganin ɗige-ɗige a layi. Da sun tambaya da mun nemo farin siminti.

Na uku takardar garanti. Da baki aka ce mini shekara biyu, sai da na matsa kafin a rubuta, kuma rubutun farko bai faɗi ko sake zuwa kyauta ne ko da kuɗi ba. Na mayar aka gyara, aka sa sunan sinadarin da yawan litar da aka zuba da ranar da za su dawo dubawa. Kada kowa ya biya cikon kuɗi kafin wannan takarda ta shiga hannunsa. A nemi kuma ganin lasisinsu na EHCON, hukumar da ke kula da masu aikin lafiyar muhalli a ƙasar nan. Su sun nuna mini nasu ba gardama.

Kuɗin kuwa da nauyi, ba zan ɓoye ba. Da mita suke lissafi, kuma abin da muka biya ya ninka na mai babur sau da yawa, sai da 'yan'uwa muka yi karo-karo. Ban haɗa da mai gyaran famfo da kafinta ba. Amma katakon rufi da wadirof da ƙofar da muka canza sun fi kuɗin maganin, kuma da an ƙara shekara biyu a haka, silin ne zai sauko a kan mutane.

Bayan aikin ba mu daina ganin gara nan da nan ba. Ya riga ya gaya mana haka za a yi, ya kuma roƙe mu kada mu fesa musu komai, mu bar su su yi ta kai-komo suna kwasar magani. Hajiya ba ta ji daɗin wannan ba, kullum sai ta ce mini, "Alhaji, anya ba kuɗinku aka ci ba?" Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki hanyoyin suka bushe, ka fasa ka tarar babu kowa a ciki. Da ruwan farko ya sauka shinge ya cika fitilar ƙofar gida, yara suna ta kamawa, aka sake tayar da hankali. Na kira shi, sai washegari ya dawo da kiran, wanda shi ma abin gyara ne. Ya ce shingen da ya zo daga waje yana bin haske ba komai ba ne, lokacinsa ne na fita neman sabon mazauni. Wanda ake tsoro shi ne wanda ka ga yana fitowa daga tsagar bango ko daɓe a cikin ɗaki, ko ka wayi gari ka tarar da tarin fukafukai a gindin taga ta ciki. Mun duba, babu.

Ga masu gini a sababbin unguwanni, Millennium City da Rigachikun da bayan Mando da makamantansu, wuraren nan gonaki ne da daji jiya-jiya, suri ko'ina. Buldoza ta baje suri ba ta kashe abin da ke ƙasa ba. Ƙanena da ke gini a wajen Danbushiya ya kira waɗannan mutanen tun a harsashi. An tumɓuke kututture, an kwashe guntayen katakon da magina ke jefawa cikin ciko, aka jiƙa ramin harsashi da cikon ƙasa, kamar lita 5 a kowace murabba'in mita, aka shimfiɗa leda aka zuba jaman fulo, wato daɓen kankare na ƙasan gini, kafin rana ta busar da maganin. Babu huda, babu fasa tayil, babu fitar da tsohuwa daga ɗaki, kuma kuɗin bai kai namu ba. A wannan matakin aikinsu ya fi tsafta nesa ba kusa ba, kuma a nan na fi ba da shawarar a kira su.

Sun dawo dubawa a ƙarshen damina kamar yadda takarda ta ce, ba tare da na tuna musu ba. Cikin ɗakuna da silin babu komai. Amma sun sami sabuwar hanya guda a jikin katangar baya, ta waje, suka sake yi wa wannan gefen magani ba su karɓi ko kwabo ba. Injiniya ya hau tsani ya nuna mini inda take fitowa: kangon da ke bayanmu, fili ne da aka kewaye aka bari, da suri babba a tsakiya da tarin itacen da aka sare. Ya ce ba zai shiga filin mutum ba sai da izini, kuma muddin surin nan yana raye katangarmu za ta riƙa shan hari duk damina. Mai filin ba mazaunin Kaduna ba ne, don haka na kai maganar wurin mai unguwa, ya aika masa. Mu gida uku da muke kewaye da kangon mun yarda za mu raba kuɗin tone surin da yi masa magani idan ya ba da izini, kuma muna so a gama kafin ruwan Afrilu.